Kayan ruwan hoda da tattakin Oktoba: ina kuɗin yaƙi da sankarar mama suke shiga?

Da zarar watan Oktoba ya kama sai ka ga Facebook da sitatus ɗin WhatsApp sun koma ruwan hoda. Banki ya canza launin tambarinsa, kamfanin man shafawa ya fito da kwalba mai ɗan ƙyalle a jiki, ga hotunan manyan mata sanye da riguna iri ɗaya suna tattaki a Abuja ko Legas. Daga nan sai magana ta rabu a guruf-guruf na garuruwanmu. Wani ya ce ai kamfanin ne zai yi wa mata magani kyauta, ina ake rubuta suna? Wani ya ce duk damfara ce, talla kawai suke yi da ciwon mutane. Wata kuma da ƙanwarta ke kwance a wani ƙauyen Ringim da nono a kumbure ta tambaya ko idan ta sayi sabulun za a taimaka musu. Kowa cikinsu ya kama wani ɓangare ne na zancen, shi ya sa ya kamata a warware shi daki-daki.

Abu uku ne aka haɗa a kwano ɗaya

Na farko shi ne wayar da kai, wato sanar da mata da mazajensu alamomin cutar da kuma cewa a je asibiti da wuri. Wannan ba ya ba kowa ko kwabo, ilimi ne kawai. Na biyu tara kuɗi, ko ta hanyar tattaki da liyafa da ƙaddamar da asusu, ko ta hanyar cire wani abu daga cinikin kaya. Na uku kuma talla, kamfani na so sunansa ya fito tare da aikin alheri don mutane su ƙara sonsa su sayi kayansa.

Taro ɗaya zai iya ɗauke da duka ukun, kuma zai iya ɗaukar guda ɗaya tak. Ƙyallen ruwan hodan nan ba mallakar kowa ba ne, babu wata hukuma da ke ba da lasisinsa, duk wanda ya ga dama zai iya bugawa a jikin kayansa. To kenan ganin ƙyallen a jikin kwalba ba ya nufin an yi alƙawarin ba da ko sisi. Wani kamfanin zai rubuta cewa yana "goyon bayan wayar da kai", kuma a shari'ance bai yi ƙarya ba ko da bai fitar da naira ɗaya ba, tunda launin da ya shafa shi ne wayar da kan a wurinsa.

Ita kuma cutar, wadda wasu ke ce wa kansar mama, wasu dajin nono, girmanta ba abin musu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da ita, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya ita ce kansar da ta fi yawa, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sabbin masu ita sun haura 30,000, waɗanda suka rasu kuma sun kai kusan rabin wannan adadi.

Inda abin ya faro

Duk wannan tsari daga Amurka ya taso, kuma tun ranar farko akwai hannun kamfani a ciki. A 1985 aka fara ware Oktoba, haɗin gwiwa ne tsakanin ƙungiyar American Cancer Society da sashen magunguna na kamfanin Imperial Chemical Industries, wanda daga baya ya zama wani ɓangare na AstraZeneca. Wannan kamfani shi ya ƙirƙiro tamoxifen, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar. Babban saƙon lokacin shi ne mata su je a yi musu hoton mamogiram, na'urar da ke hango ƙullutu tun hannu bai iya jin sa ba.

Kafin nan, a 1982, wata mata Nancy Brinker ta kafa gidauniya da sunan 'yar'uwarta Susan Komen wadda cutar ta kashe, shekara ɗaya bayan haka suka yi tseren farko a birnin Dallas da mutum kusan 800. Daga wannan tsere ne al'adar gudu da tattaki don tara kuɗi ta bazu har ta iso nan.

Labarin ƙyallen ya fi jan hankali. Wata dattijuwa a Kalifoniya mai suna Charlotte Haley ce ke haɗa ƙananan ƙyallaye a gidanta, launinsu ma ba ruwan hoda ba ne, tana raba su da kati mai cewa cibiyar binciken kansa ta ƙasarsu na da kasafin dala biliyan 1.8 amma kashi 5 cikin ɗari kacal ke tafiya wajen rigakafi. Ƙorafi take yi ga gwamnati. Mujallar Self da kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder suka nemi ta ba su dama su yi amfani da shi, ta ƙi, ta ce sun cika kasuwanci. Sai kawai suka sauya launi, a 1992 aka fara raba na ruwan hoda a kantunan kayan kwalliya. Wato abin da ya fara a matsayin kuka ga hukuma ya ƙare a kantin sayar da kaya, kuma har yau wannan shi ne tushen gardamar. Amma fa Evelyn Lauder, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin Estée Lauder ɗin, a 1993 ta kafa gidauniyar bincike a kan cutar, wadda ta zama cikin manyan masu ɗaukar nauyin binciken a duniya, wannan ma yana cikin tarihin.

Yadda lissafin yake tafiya

Nan ne mai saye ya fi ruɗewa, don alƙawarin iri-iri ne. Akwai wanda ke cewa daga kowane kaya da aka saya zai cire kaza. Akwai wanda ya riga ya yanke abin da zai bayar tun kafin a fara, ko ka saya ko kar ka saya adadin ba zai canza ba. Akwai mai sa iyaka, da an kai adadin da ya ɗiba sai ya daina bayarwa amma kayan na nan a kanti da ƙyallensu ana ta saye. Sai kuma mai cewa "wani kaso na riba", shi wannan ba ka da yadda za ka bincika, don kai ba ka san ribar ba, idan ma ya ce bai ci riba ba a wannan watan to zance ya ƙare.

Misalan da aka fi sani duk na Amurka ne. Kamfanin yogot na Yoplait ya shafe shekaru yana cewa a aiko masa da murfin roba ta gidan waya, kowane murfi zai ba da santi 10 (santi 100 ke yin dala ɗaya), alhali kan sarkin da za ka manna a ambulan ya fi santi 10 tsada. A 2010 KFC ta fito da bokitin soyayyiyar kaza mai ruwan hoda, santi 50 a kowane bokiti, an tara sama da dala miliyan 4, amma aka yi ta suka cewa ƙiba na cikin abin da ke ƙara haɗarin cutar ga matan da suka daina al'ada, ya za a yi a yaƙe ta da soyayyen abinci.

A kawo shi gida da misali kawai. A ce man shafawa na naira 3,000 ne, kamfani ya ce zai ba da naira 30 a kowace kwalba. Sai an sayar da kwalba 1,000 kafin a samu naira 30,000, kuma mai sayen da ta bar wanda ta saba saye na 2,500 don ta taimaka, ta ƙara 500 ne daga aljihunta don a ba da 30. Da 500 ɗin ta miƙa kai tsaye ga mara lafiya da ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amma idan da ma wannan man take saye kuma farashin bai canza ba, to 30 ɗin ƙari ne da ba a da shi a da.

Tattaki ma haka yake. Akwai kuɗin riguna da huluna, ruwan sha, makaɗa ko DJ, 'yan jarida, motar asibiti, wani lokacin har da zauren liyafa. Abin da aka sanar an tara daban, abin da ya rage bayan an biya waɗannan daban, kuma na biyun ne ke isa ga mara lafiya. Ba kasafai ake jin sa a sanarwa ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu kare tsarin suna da hujjoji masu nauyi. Suna cewa shekara arba'in da suka wuce ko a Amurka mace ba ta iya ambatar wannan ciwo a bainar jama'a, yau kuwa ana maganarsa a talabijin da filin ƙwallo, kuma kuɗin kamfanoni ne suka sayi wannan fili. Suna cewa kuɗin talla ne da ma za a kashe shi, gara ya bi ta nan da ya tafi ga allon titi kawai. Sannan gidauniyoyi da yawa ba za su iya biyan ko hayar ofis ba idan ba mai ɗaukar nauyi, don haka a ganinsu niyyar kamfani ba ita ce abin dubawa ba, a dubi abin da ya shigo hannu.

Masu suka kuma, wanda ƙungiyar Breast Cancer Action ta San Faransisko ta fi yin fice a cikinsu tun kamfen ɗinta na 2002, ba cewa suke a daina taimako ba. Suna cewa a faɗi adadi ƙarara, a faɗi wa aka ba. Suna kuma nuna kamfanonin da ke manna ƙyallen a jikin abin da shi kansa yana da alaƙa da cutar, babban misali barasa, wadda bincike ya tabbatar tana ƙara haɗarin kansar mama. Wata sukar kuma daga marasa lafiyar kansu take fitowa, musamman waɗanda cutar ta riga ta bazu a jikinsu, suna cewa bikin duk murmushi ne da rawa da labarin waɗanda suka warke, su da ba za su warke ba kamar ba a son ganinsu a hoton. Matsin irin wannan ya sa a 2012 ofishin babban lauyan jihar New York ya fitar da ƙa'idojin da ke neman kamfani ya rubuta ainihin abin da kowane saye zai bayar da kuma ko akwai iyaka.

Idan aka lura ɓangarorin biyu sun yarda a kan abu ɗaya, cewa kuɗi na shigowa. Saɓaninsu a kan nawa ne, da kuma me aka yi da shi.

Yadda abin yake a Najeriya

A nan tsarin cire kaso daga ciniki bai yi ƙarfi kamar can ba. Abin da aka fi gani shi ne banki ko kamfanin sadarwa ko na kayan masarufi ya ɗauki nauyin tattaki ko gwaji kyauta na kwana ɗaya ko biyu. Akwai ƙungiyoyin da suka daɗe a fagen, irin su BRECAN da Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a Ibadan a 1997 bayan ita kanta ta yi jinyar cutar, da Project Pink Blue a Abuja, da gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu wadda ke shirya tattaki duk shekara a Abuja, wadda kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC.

Ta ɓangaren gwamnati akwai cibiyar NICRAT mai kula da bincike da maganin kansa, akwai kuma asusun tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi da aka fara a 2021 a manyan asibitoci shida, ciki har da na ABU da ke Shika da na Gombe, kuma kansar mama na cikin cututtuka ukun da aka fara da su. Wannan asusu na gwamnati ne, ba shi da alaƙa da kwalbar kanti, ko da yake mutane kan cakuɗa su.

Wurin da ake yin taron ma abin lura ne. Kamfani na kai tallarsa inda masu sayen kayansa suke ne, wato Abuja da Legas da Fatakwal, idan an matso Arewa sai cikin birnin Kano ko Kaduna. Matar da ke Gwaram ko Tsanyawa ba ta cikin lissafin kasuwarsa, ba don mugunta ba, don ba ta sayen turaren dubu ashirin. Saƙon ma yawanci da Turanci yake zuwa a Instagram, alhali ita rediyo take ji.

Daga jin ƙullutu zuwa gama magani

Ainihin gwajin wannan tsari a ƙauyukan Kano da Jigawa yana nan. A ƙasar da aka ƙirƙire shi, idan aka ce wa mace je ki a duba ki, akwai na'ura kusa da ita kuma galibi akwai inshora. A nan kuwa sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mutane yake fita, to wayar da kai mataki na farko ne kawai a doguwar hanya.

A bi hanyar a gani. Mace ta ji ƙullutu tana wanka, ba ya ciwo, kuma rashin ciwon nan shi ke yaudara don a tunaninmu abin da ba ya ciwo ba ciwo ba ne. Idan tana shayarwa sai a ce nono ne ya kwanta. Ta yi wata biyu kafin ta gaya wa kishiya ko uwarta saboda kunya, sannan a gaya wa maigida. Sai a fara da kemis, a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, a koma ga mai magani ya ba da na shafawa da na turare, wani lokacin wanzami ya yi sakiya, wurin ya zama gyambo. Ga kuma maganar da ta zauna daram a zukata cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, wai da an taɓa shi zai bazu. Abin da ke ƙarfafa wannan zance shi ne mutane sun ga an kai wance asibiti an yi mata aiki ta rasu, ba su san cewa an kai ta ne bayan cutar ta riga ta kai huhu ko ƙashi ba. Shi ya sa mafi yawan matan da ake gani a asibitocin Najeriya suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, wato bayan cutar ta yi nisa.

A ce ma ta je da wuri. Asibitin sha-ka-tafi zai tura ta babban asibiti, daga nan a tura ta Kano, asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko na tarayya a Birnin Kudu. Za a yi sikanin, sannan a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji, don hannu ko hoto kaɗai ba sa tabbatar da kansa, kuma mafi yawan ƙullutun nono ma ba kansa ba ne. Idan ta tabbata, ana iya yin tiyata, sai allurar kimo mai kashe ƙwayoyin kansa, da aka saba yi duk bayan sati uku har zagaye shida zuwa takwas, sai gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, wanda ake yi kwana biyar a sati na tsawon makonni, kuma injinan gashin kaɗan ne a duk ƙasar, mutanen yankinmu sun daɗe suna dogaro da Shika, idan injin ya tsaya sai Abuja ko wani wuri mai nisa. Wasu kuma za su ci gaba da shan ƙwaya irin tamoxifen shekara biyar ko fiye. Kowane zuwa akwai kuɗin mota na mutum biyu, ita da mai jinya, da abinci, da wurin kwana, ga yara an bari a gida, ga gona idan damina ce. A nan ne ake sayar da akuya, sai sa, sai a jinginar da gona, kuma a nan ne da yawa ke tsayawa a zagaye na biyu ko na uku su koma gida.

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya auna wannan hanya da ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan farko, sannan kashi 80 su gama maganinsu. Tattaki da kayan ruwan hoda sun fi taɓa na farkon. Na biyu da na uku kuɗi ne da ma'aikata da injina, kuma ba su da kyan hoto kamar taro. Ita hukumar ma ga ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki ta fi ba da ƙarfi ga saurin gano cutar a jikin wadda ta ga alama, a kan a ce za a bi duk mata da mamogiram.

Wannan na nufin gwaji kyauta na kwana ɗaya zai iya zama alheri babba, zai kuma iya barin mace cikin tashin hankali. Idan aka duba mata 300 a harabar gidan hakimi aka ce wa goma akwai abin da ba a gane ba ku je Kano, aka naɗe rumfa aka tafi, to goman nan sun koma gida da tsoro ne kawai. Idan kuwa an biya musu kuɗin ɗiban nama, aka haɗa su da ma'aikaciyar da za ta riƙa kiransu, labarin ya canza gaba ɗaya ko da rumfar da rigunan iri ɗaya ne.

Tambayoyin da suka dace

Ga mai sayen kaya, a duba jikin kwalin. An rubuta naira nawa? An ambaci sunan gidauniyar da za a ba? An faɗi ranar da tayin zai ƙare? Idan babu ko ɗaya to a ɗauke shi kaya ne kamar kowane kaya, a saya don ana buƙatarsa. Dokar kare masu saye ta 2018 ta hana yaudara a talla, kuma hukumar FCCPC na karɓar ƙorafi.

Ga mai son ba da gudummawa, gidauniya ta gaskiya tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma asusunta na banki da sunanta yake, ba sunan wani mutum ba. A watan Oktoba hotunan marasa lafiya da lambar asusu kan yi yawa a WhatsApp, wasu na gaske ne wasu tsofaffin hotuna ne ake sake juyawa, hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi asibitin da lambar katin, a biya kuɗin a can. Hanyoyinmu na gida, zakka da taimakon masallaci da adashen mata da ƙungiyoyin ci gaban gari, ba su da kuɗin riguna, amma su ma ba kasafai suke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ba, don haka tambayar da ake yi wa kamfani ta hau kansu su ma.

Ga dagaci ko kansila ko shugabar mata da aka zo neman izinin yin gwaji a garinsu, abin tambaya shi ne wa zai duba matan, mace ce ko namiji, don wannan kaɗai na iya hana rabin gari fitowa, sannan wadda aka samu da wani abu wane asibiti za a tura ta, da takarda ko da baki, wa zai biya gwajin farko. Ita kuma wadda ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko ta ga kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ba sai ta jira Oktoba ko motar wata gidauniya ba, asibiti mafi kusa za ta fara zuwa a cikin satin. Idan an kai ga babban asibiti kuma kuɗi ya gagara, a nemi ofishin walwalar marasa lafiya, nan ne ake tantance waɗanda za a sa a asusun tallafi, a kuma tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA a Kano ko JICHMA a Jigawa, abin da tsarinsu ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba tun kafin a fara kimo.